Ka Sake Sunan Yaya Platon

Petersburg,
11 ga Fabrairu, 1876.

Zuwa ga ƙanena Tikhon Gordeyevich,

Gaisuwa mai tarin yawa daga yayarka Glafira, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Agrafena da yara. Yaya sanyin Irkutsk can Siberiya, yaya marasa lafiyarka? Agrafena ta rubuto mini a lokacin kaka cewa ƙafarka ta hagu tana kumbura in ka daɗe a tsaye. Ina fata ka sauke taurin kai ka bari wani likitan ya duba ka, ko da yake ku likitoci ba kwa jin maganar kowa. Allah ya raya Kuzma da Nastasya, ya shi musu albarka. Mu nan muna lafiya, sai kewa. Gwaggo Pelageya ta zo daga Vologda don jana'iza kuma har yanzu tana nan. Kunnenta ya ƙara nauyi, amma bakin yana nan daram, kullum sai ta yi faɗa da mai kawo madara. Shi kuma bawan Allahn da aikinsa shi ne buɗe wasiƙunka ya karanta kafin su iso hannunka, ina yi masa sannu da aiki. Ya gyara zama, ta yau doguwa ce.

Bayan gaisuwa, saƙonka na tangaraho ya iso ran da muka binne Yaya Platon. Mun dawo daga maƙabarta ke nan, ko takalmi ban cire ba, aka miƙo mini shi. Kalma shida ka aiko: "Na samu labari. Allah ne alƙali." Gwaggo ta tambaye ni me ka ce, na ce mata ka ce Allah ya ji ƙansa. Na yi mata ƙarya a ranar da muka sa ɗan'uwanmu a ƙasa, saboda kai. Kwana arba'in na haɗiye abin da ke raina, don ba na son in rubuta maka gawa ba ta huce ba. Yanzu na gama haɗiya. Za ka ji, kuma za ka ji duka, don ba ka san mutumin da ka kai ƙara wurin Allah ba.

Kana da shekara ɗaya ya bar gida, don haka bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Baba ya so ya gaje shi a hidimar coci, ya kai shi makarantar horar da limamai. Yaya Platon ya yi shekara uku a can yana rubuta waƙoƙi a bayan littafin addu'a, ana kama shi ana zane shi. Yana da sha takwas ya gudu, ya bi fataken kifi har Petersburg, rabin hanyar a ƙafa, cikin hunturu. Shekara bakwai ya yi yana duba kurakurai a wata maɗaba'a, yana kwana a kan tarin takardu a bayan injin, abincinsa baƙin burodi da albasa. A can idonsa ya lalace, a can ƙirjinsa ya fara. Wata safiya yana tsallaka kogin Neva ya ga mata suna wanki a ramin da aka fasa cikin ƙanƙara, ɗaya daga cikinsu hannunta ya tsattsage, jini yana ɓata rigar da take wankewa, tana kuka ba don hannun ba sai don uwar gidanta za ta ga tabon. Waƙar da ya yi a kan matar nan ita ta fito da sunansa. Kafin shekara ta zagayo masu keken doki suna rera ta, ba su ma san wa ya yi ta ba. Da Baba ya rasu, shi ya zo da kansa ya ɗauke mu. Kana da shekara takwas, kanka cike da ƙwarƙwata. Ya saɓa ka a wuya ya kai ka bakin teku ka ga jiragen ruwa, ka yi masa fitsari a kafaɗa don murna. Ban sani ba ko ka tuna.

Shekara ashirin da huɗu ya yi yana editan mujallar Mashigi, kuma ni na san abin da ta ci masa, don a kan teburin cin abincinmu ake haɗa ta. Kowane wata sai ya ɗauki shafukan ya kai wa masu tace rubutu, ya dawo da su jajawur da jan fensir. Shekarar da fari ya cinye lardunan gabas ya yi waƙa, mai tacewar ya bi ya soke kalmar "yunwa" duk inda ta fito. Yaya ya tambaye shi da ladabi me zai sa a madadinta, mutumin ya ce ya sa "ɗan rashin jin daɗi". Sai ya buga waƙar da ɗige-ɗige a gurbin kalmar, mutane suka riƙa cikewa da bakinsu, har ta fi tafiya nesa. Babu rubutun da aka aiko masa bai karanta ba, ko daga wane lungu, ko da hannun kamar tafiyar kaza. Bakinsa kuwa ka san shi. Na ji shi yana gaya wa wani matashi cewa waƙarsa tana da ƙafafu, sai dai duka na hagu ne. Yaron ya miƙe zai fita da hawaye, ya ce masa ina za ka, zauna mu gyara, Glafira kawo masa miyar kabeji, ba a yin waƙa da ciki wayam. Rabin waɗanda ake tinƙaho da su a yau a kujerar nan suka sha miyata.

Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Mutum ne mai zafin rai. Ya taɓa jifan ƙofa da kwalbar tawada, tabon yana nan. Yana gyara baitocin mutane ba tare da ya tambaye su ba, in sun yi magana ya ce ai taimakonsu ya yi. Matar da ya so ta jira shi shekara biyar, ta gaji da zama ta biyu bayan mujalla, ta auri wani injiniya. Akwai lokacin da ya yi shekara shida cur bai rubuta baiti ɗaya nasa ba, yana ta gyaran na wasu, in na yi masa magana ya ce in kula da tukunyata. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da ka ɗora masa, bai yi ba.

Ka tuna hunturun da ka kawo masa rubutunka. Kana da shekara ashirin da shida, sabon likita, ka dawo daga barikin da aka tura ka, inda ka ga sabbin sojoji, 'ya'yan manoma, suna mutuwa da zazzaɓi a kan ciyawa manya suna ɓoye lissafin gawa. Ya karanta a tsaye. Ya ce maka kowace kalma gaskiya ce, amma in ta fita za a ƙone mu. Ni ina zuba shayi ka dube shi ka ce, "Yaya, ka tsufa. Da kai mawaƙi ne, yanzu ka zama mai gadin shago." Fuskarsa ta yi fari. Ya jira ranar da mai tacewar ya ci ya ƙoshi yana gyangyaɗi, ya tura masa shafukan ya sa hannu. Aka buga ba suna, kamar yadda ka ce a yi. Kai ka ce kada a sa suna, Tikhon. Ka yi jarumtarka, ka bar shi da ɗaukar kayan.

Kwana tara da fitowar mujallar 'yan sandan ciki suka kira shi ofishinsu. Kai abin da ka sani shi ne ya shiga ofishin nan ran Talata, ran Asabar aka zo aka tafi da kai, sai ka haɗa biyun ka yanke hukunci. To ga abin da ya faru a tsakani. Da suka tambaye shi wa ya rubuta, cewa ya yi shi ne. Hafsan ya yi dariya, ya ce yaushe mawaƙa suka fara sanin awon magani da sunayen cututtuka? Yaya ya ce edita komai yana sani. Sai hafsan ya ce to madalla, ya dawo ran Juma'a ya rubuta haka da hannunsa ya sa hannu, daga nan ya shirya kayan tafiya mai nisa. Ya dawo gida ya gaya mini kamar mai ba da labarin kasuwa, ya ce in nemo masa babbar rigar gashin nan in ɗinke aljihun. A hunturun nan jini yake tofarwa. Ni nake wanke ƙyallayen, ni na san yawansu. Likitansa ya tare ni a bakin matakala ya ce, in aka kai mutumin nan Siberiya, ko rabin hanya ba zai kai ba.

Asalin rubutun, wanda ke da hannunka, Yaya ya ba ni tun farko ya ce in ƙone. Ban ƙone ba, na sa shi a ƙarƙashin garwar gari, ban san dalili ba. Ran Alhamis da safe, bayan ya fita maɗaba'a, na ciro shi, na kaɗe garin, na sa a cikin mayafina, na tafi ofishin nan da ƙafata. Na ajiye wa hafsan a kan tebur. Ya duba, ya dube ni, ya sa aka kawo mini shayi. Na sha, Tikhon. Har da sukari na sha. Ni na ba da kai. Babu wanda ya tilasta ni, babu wanda ya tsorata ni. Na zauna na auna ku biyu: ɗaya mai shekara arba'in da uku da ruɓaɓɓen huhu, ɗaya mai ashirin da shida da ƙirji kamar na doki. Na ce wannan zai mutu, wannan zai rayu. Na zaɓa. Kuma ga shi kana raye, da mata da 'ya'ya biyu.

Ran Juma'a ya sa rigarsa ta coci ya tafi sa hannu, aka ce masa ba sai ya wahala ba, 'yar'uwarsa ta riga ta kawo abin da ake nema. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin girki da hularsa a kai. Ya ce, "Glafira, me kika yi?" Na ce na yi abin da na yi. Na ɗauka zai mare ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ya fita a guje neman ka don ka gudu, ya tarar an riga an sa mutane a ƙofar gidan da kake haya. Da ya dawo sai ya ja ni gaban hoton Budurwa Maryamu da Inna ta bar mana, ya sa na ɗora hannu na rantse ba zan taɓa gaya maka ba. Na ce don me? Ya ce, Inna ta rasu wajen haihuwarsa, ke kika goya shi, ke kika tauna masa abinci, bai san wata uwa ba. Mutum zai iya rayuwa a can babu wa, amma ba zai iya ba in babu uwa. Ya ce, bar shi ya tsane ni, ni na saba da zagi, sana'ata ce. Daga nan ya yi wata biyu bai yi mini magana ba sai ta takarda. Mujallar ma ba ta tsira ba, sai da ta yi wata takwas a rufe kafin a bari ta sake fitowa.

Shekara goma sha ɗaya ya ɗauki abin nan. Labari ya bazu cewa Platon Ladigin, mawaƙin talakawa, ya sayar da ƙaninsa don ya ceci mujallarsa. An gayyace shi karatun waƙa, ɗalibai suka yi ta buga ƙafa har ya sauka bai kai baiti na uku ba. Wata rana ya dawo da kakin majina a bayan rigarsa, bai ma sani ba, ni na goge. Mutanen da ya koya wa riƙe alƙalami suna hango shi su tsallaka titi. Kalma ɗaya da za ta wanke shi, bai faɗa ba. Kowane wata uku yana rubuta maka wasiƙa, kowane wata uku tana dawowa da hatiminta. Ni kuma ina saƙa maka safa, ina ɗaure maka ganyen shayi da busassun 'ya'yan itace, kana karɓa, kana rubuto mini "Yayata abar ƙaunata, ke kaɗai kika rage mini." Har ka taɓa tambayata yadda nake iya zama gida ɗaya da mutumin nan. Na karanta masa wannan layin don ya sake ni daga rantsuwar. Ya ce hannunka ya gyaru, da ba ka iya rubuta harafi a miƙe ba.

Kana tsammani da kai kaɗai nake fushi? Ina fushi da shi ma, yana kwance a kabari. Ya ɗaure mini baki ya bar ni ina cin ƙaunarka kamar ɓarauniya, ya tafi da girmansa, ya bar ni da ƙazantar. Amma kai, Tikhon, kai likita ne, an koya maka ka tambaya kafin ka yanka. Shekara goma sha ɗaya ba ka buɗe wasiƙa ɗaya ba. Ba ka taɓa ce wa kanka, mutumin da ya buga rubutun nan alhali ya san abin da zai biyo baya, anya shi ne zai juya ya miƙa ni? Ya fi maka daɗi ka zama wanda aka ci amanarsa. Agrafena ta gaya mini ka hana a ambaci sunansa a gidanka, har Kuzma ya dawo daga makaranta da waƙar masu wanki a bakinsa, ka sa shi ya yi shiru, yaron bai san ta baffansa ba ce.

Ciwon ƙarshe ya kwantar da shi tun watan Oktoba. Bai daina aiki ba, ana kawo masa shafuka yana gyarawa a kan gado, da hannu ya gaza sai ya koma faɗa ina rubutawa. Waƙoƙi goma sha huɗu ya yi a wata biyun nan, bayan duk shekarun shiru, kuma ban taɓa jin ya yi kamarsu ba. Ana jibi zai cika ya kama hannuna ya ce, rantsuwar tana nan ko bayan raina. Na gyara masa matashi, ban amsa ba. Ranar jana'iza titi ya cika maƙil. Waɗanda suka buga masa ƙafa sun girma sun yi gemu, su ne a gaba suna rigimar ɗaukar akwati. Na dube su na ce a raina, ashe mutuwarsa kuke jira ku so shi.

Ran Asabar da ta wuce muka yi addu'ar kwana arba'in. Bayan coci mutane suka taru a gida, sun fi sittin, marubuta da masu maɗaba'a da ɗalibai. Ippolit Savvich, mataimakinsa, wanda yanzu ya hau kujerar edita, ya miƙe ya ce zai karanta abin da ya rubuta don fitowar watan Maris. Ka san shi, mutumin da Yaya ya tsinto yana rubuta tallan sabulu. Ya yi ta zuba yabo, yana share ido da hankici. Can sai ya sassauta murya ya ce, amma gaskiya ta wajaba a kan mai alƙalami, rayuwar marigayi tana da tabo ɗaya, ranar da tsoro ya rinjaye shi ya ba da ƙaninsa na jini. Mutane suka sunkuyar da kai suna gyaɗawa, bakinsu cike da wainar da na soya.

Ban san lokacin da na miƙe ba, da cokalin miya a hannuna. Na ce ƙarya ne. Na ce Platon cewa ya yi shi ya rubuta, ni na kai takardar, ran Alhamis, da ƙafata. Ippolit Savvich ya matso yana murmushi ya ce, "Glafira Gordeyevna, baƙin ciki ne ya taɓa ki, zauna ki sha ruwa." Na ce, "Kai za ka zauna, mai sabulu. Shekara ashirin kana cin abinci a teburin nan, ko sau ɗaya ka taɓa tambayarsa?" Sai tsoho Zakhar, mai jera haruffa, wanda ya yi aiki da Yaya tun zamanin kwana bayan inji, ya miƙe daga can ƙarshen ɗaki. Ya ce shi ya raka maigida ofishin nan ran Juma'a, shi ya riƙe masa ƙunshin kayan tafiya a waje, ya ga fitowarsa, kuma shi ma an rantsar da shi. Ya faɗa yana kuka kamar yaro. Gwaggo ba ta ji komai ba, tana ta jan rigata tana tambaya me aka ce, me aka ce. Dole na sunkuya na maimaita mata da ƙarfi a kunne, a gaban kowa, karo na biyu.

Kafin a kawo shayi rabin mutanen sun sulale. Ippolit Savvich ya aiko jiya cewa ya cire sakin layin, amma wai ya yi asarar wuri mafi kyau a rubutunsa. Tun ranar babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar nan sai Zakhar. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta ci abin da na dafa ba, a na uku ta ce in matso in taje mata kai. Na je wurin limami na faɗi cewa na karya rantsuwa, ya ɗora mini azumi, ina yi. In na gama kwafe waƙoƙin ƙarshe na ga an buga su yadda ya faɗe su, ba tare da Ippolit ya sa musu hannu ba, zan bi Gwaggo Vologda. Babu abin da ya rage mini a garin nan.

Na rubuto ne don ka ji daga bakina kafin 'yan gulma su kawo maka. Ba gafara nake roƙo ba. Na cuce ka, na sani. Na ɗauke maka ƙuruciyarka da aikin da ka so yi a nan, kuma ba ranar da na kwanta ban tuna ba. Amma in aka mai da ni safiyar Alhamis ɗin nan, ga ƙyallen jini a hannuna, ban ce maka ba zan sake ɗaga garwar ba. Shekara goma sha ɗaya na saya masa da kai, kuma na ga abin da ya yi da su. Ka tsane ni, hakkinka ne. Ka rubuto zagi shafi nawa ka ga dama, zan karanta har ƙarshe, ba zan mayar ba. Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo ba ne, umarni ne daga wadda ta goya ka: ka zaunar da Kuzma da Nastasya ka gaya musu wane ne baffansu. Ka sake sunansa. Alƙalin da ka kai shi gabansa ya riga ya san gaskiya tun tuni, kai kaɗai ka rage.

Ka gaishe mini da Agrafena, ka ce na gode da duk abin da take rubuto mini a ɓoye, kuma kada ka yi mata faɗa a kai. Ka shafa mini kan Kuzma da Nastasya. Ka gai da surukarka Matryona Fominishna, Allah ya ƙara mata sauƙi. Gwaggo Pelageya tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wuyanka. Zakhar ma ya ce in gai da likita. Ubangiji ya tsare ku, ya ji ƙan Inna da Baba da Yaya Platon.

Ni ce wadda ta goya ka, kuma wadda ta ba da kai,
Glafira Gordeyevna.